Yadda Ake Warware Ayoyin Buguwa da Lalacewa da Suke Kamar Suna Karo da Juna a Littafi Mai Tsarki

Duk wanda yake karanta Littafi Mai Tsarki da natsuwa, ba zai daɗe ba sai ya tarar da ayoyin da suke kamar suna jayayya da juna a kan buguwa. A Afisawa 5:18 Bulus ya hana masu bi buguwa da ruwan inabi, ya ce su cika da Ruhu, amma a Waƙar Waƙoƙi 5:1 ana kiran abokai su ci, su sha, har su bugu da ƙauna. Annabi Irmiya ya ce ya zama kamar bugagge saboda tsarkakan kalmomin Ubangiji, alhali Ishaya ya yi maganar waɗanda suka bugu ba da ruwan inabi ba, ya kuwa ambace su ne a matsayin mutanen da hukunci ya faɗa wa. Haka abin yake a kan lalacewa irin ta cin rashawa. Fitowa 23:8 ta haramta karɓar rashawa ƙiri-ƙiri, sai ga Karin Magana 17:8 tana cewa toshi kamar dutse mai daraja yake a idon mai bayarwa, duk inda ya juya sai ya yi nasara.

Na sha zama a wurin nazari inda 'yan'uwa biyu masu tsoron Allah suka shafe sa'a guda suna musu, kowa ya dafa yatsa a kan tasa ayar, aka tashi babu wanda ya karanta layin da ke sama da yatsan nasa. Abin yana damuna, domin irin wannan musu yakan bar sabon mai bi da zaton cewa Littafin yana da baki biyu. Hanyar da zan bayyana a nan tana buƙatar Littafi Mai Tsarki, zai fi kyau a sami fassara biyu, da littafin rubutu, da alƙalami, da haƙurin karanta babi sukutum kafin a yanke hukunci a kan aya ɗaya.

Ka tara ayoyin a wuri guda

Ka buɗe shafi biyu masu kallon juna a littafin rubutunka. A gefen hagu ka jera ayoyin da suka dame ka, ka bar fili mai yawa a ƙarƙashin kowacce. A gefen dama ka ja layuka huɗu daga sama zuwa ƙasa, kowane layi da tambayarsa: wane ne yake magana, wane ne ya zuba abin shan, mene ne a cikin ƙoƙon, kuma a wane hali mai shan ya ƙare. Tambaya ta huɗu ita ce ta fi nauyi, kuma idan ka zo kanta ka lura musamman da abin da ya sami idon mutumin da hankalinsa, wato ko yana iya gani ya bambanta gaskiya da ƙarya bayan ya sha, ko kuwa an rufe masa ido.

Tun a nan ka ware ayoyin da suke magana a kan ruwan inabi na zahiri kawai, irin Zabura 104:15 da ta ce yana faranta zuciyar mutum, da bikin Kana a Yahaya 2, da shawarar da Bulus ya ba Timoti ya riƙa shan kaɗan saboda cikinsa a 1 Timoti 5:23. Waɗannan suna da tasu muhawarar, amma babu ɗayansu da ta yabi buguwa, saboda haka ba su ne suke kawo ruɗanin da muke magana a kai ba.

Ka karanta abin da ke gaban ayar da abin da ke bayanta

Marubutan Littafi Mai Tsarki ba su rubuta da lambobi ba. Rabon babi-babi da muke amfani da shi ana danganta shi ga Stephen Langton, wanda ya zama babban bishop na Kantabari a Ingila a farkon ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuma Robert Estienne, wani mai ɗab'i Bafaranshe, ya sa su a bugunsa na shekarar 1551. Lambobin suna da amfani wajen nemo wuri, amma sukan sa mai karatu ya ɗauki rabin jimla kamar cikakkiyar magana.

Afisawa 5:18 ita ce misalin da ya fi dacewa a fara da shi, domin a kanta ne akasarin gardamar take. Wasu suna karanta ta kamar Bulus yana cewa a bar buguwa ɗaya a koma wata, a bar ta giya a kama ta Ruhu. To, ka koma aya ta 15 ka fara daga can. Bulus yana jera abubuwa ne biyu-biyu masu gaba da juna: ku yi tafiya kamar masu hikima, kada ku yi kamar marasa hikima, kada ku zama wawaye, ku fahimci nufin Ubangiji, kada ku bugu, ku cika da Ruhu. A jeri na farko da na biyu babu wanda zai ce hikima wani nau'in wauta ce. Don haka babu dalilin da zai sa a jeri na uku a ce cika da Ruhu wani nau'in buguwa ne. Buguwa tana layi ɗaya da wauta da rashin hikima, cika da Ruhu kuwa tana layin fahimta.

Sai ka ci gaba zuwa aya ta 21. A Helenanci, daga aya ta 18 zuwa can magana ɗaya ce mai tsawo, kuma akwai ayyuka biyar da suke rataye a jikin umarnin nan na cika da Ruhu: yi wa juna magana da zabura da waƙoƙi, rairawa, yabon Ubangiji da zuciya, yin godiya kullum saboda kome, da yi wa juna biyayya cikin tsoron Almasihu. Ka rubuta su biyar ɗin a layi na huɗu na shafinka, ka dube su da kyau. Kowannensu yana buƙatar mutum ya san inda yake, ya san wanda yake kusa da shi, ya iya riƙe harshensa. Bugagge yana iya ɗaga murya da waƙa, amma ba ya iya sauraron ɗan'uwansa balle ya yi masa biyayya.

Akwai kuma kalmar da Bulus ya siffanta buguwa da ita, wato asotia a Helenanci, wadda take nufin rayuwar almubazzaranci da sakin jiki har mutum ya salwantar da kansa. Ita ce ta sake fitowa a Titus 1:6 da 1 Bitrus 4:4, kuma danginta ne Luka ya yi amfani da shi a 15:13 a misalin da Yesu ya bayar na wani mutum mai 'ya'ya biyu, wajen faɗin yadda ƙaramin ɗan ya ɓarnatar da gādonsa a ƙasa mai nisa. A nan ne buguwa da lalacewa suka fara haɗuwa a aya ɗaya. Ka tuna kuma cewa a labarin, juyowar yaron ta fara ne sa'ad da ya dawo cikin hayyacinsa.

Ka bincika bakin da kalmar ta fito

Ba kowace magana da aka rubuta a Littafi Mai Tsarki ba ce koyarwar Littafin. Wata maganar ta masu ba'a ce, wata ta wanda ya yi kuskuren fahimta, an rubuta su ne domin a nuna abin da ya faru. Wannan shi ne amfanin layi na farko a shafinka.

Ka ɗauki Ayyukan Manzanni 2. A ranar Fentikos almajirai suka cika da Ruhu Mai Tsarki, suka fara magana da waɗansu harsuna. Mutane sukan kafa hujja da aya ta 13 su ce lalle manzannin sun yi tangaɗi kamar mashaya, tun da har an ce sun sha sabon ruwan inabi sun ƙoshi. Amma wa ya faɗi haka? Luka ya raba taron gida biyu. Kashi na farko, Yahudawa masu ibada da suka zo daga Fartiya da Madaya da Mesofotamiya da Masar da Roma da sauran wurare, sun yi mamaki ne domin kowa yana jin ana faɗin manyan ayyukan Allah da harshen da aka haife shi a ciki. Kashi na biyu su ne Luka ya ce suna ba'a, daga bakinsu ne maganar buguwa ta fito. Bitrus kuwa ya miƙe tsaye ya musanta zancen kai tsaye, ya ce mutanen nan ba su bugu ba kamar yadda ake zato, domin yanzu ne ƙarfe 9 na safe. Daga nan ya kawo annabcin Yowel, ya kawo Zabura 16 da Zabura 110, ya jera hujja a kan hujja har zukatan masu ji suka soku, aka yi wa wajen mutum 3,000 baftisma a ranar. Babu ayar da ta ce wani ya faɗi ko harshensa ya sarƙe, abin da aka rubuta shi ne an ji su, an kuma gane abin da suke faɗa.

Haka ya faru da Hannatu a Shilo, a 1 Sama'ila 1. Tana addu'a a zuciyarta, leɓunanta suna motsi amma ba a jin muryarta, Eli firist yana zaune kusa da ƙofar haikali yana kallon bakinta, sai ya yanke cewa ta bugu, har ya tsawata mata. Ta amsa masa da ladabi cewa ba ta sha ruwan inabi ko wani abin maye ba, ita mace ce mai baƙin ciki da take zuba zuciyarta a gaban Ubangiji. Mai kallo daga nesa ne ya ga buguwa, kuma da ya ji amsarta ya sa mata albarka. Ka haɗa da Luka 7:34, inda Yesu ya faɗi cewa mutane suna kiransa mai zarin ci da mashayi. A duk wuraren nan uku kalmar zargi ce daga waje, saboda haka ba a gina koyarwa a kanta.

Ka raba ma'anonin lalacewa

A wasu harsuna kalma ɗaya ce take ɗauke da ruɓar gawa, da ɓacin hali, da cin hanci, shi ya sa wanda ya saba da waɗancan fassarori yakan cakuɗa ayoyin da ba su da dangantaka. Hausa ta sauƙaƙa mana, domin muna da ruɓa, muna da lalacewa, muna da rashawa. Duk ayar da ka rubuta, ka sa ɗaya daga cikin kalmomin nan uku a gefenta.

Ga inda wannan yake taimako. 2 Bitrus 1:4 ta ce masu bi sun tsira daga lalacewar da take duniya ta wurin muguwar sha'awa. Amma Romawa 8:21 zuwa 23 ta ce halitta duka tana cikin bautar ruɓa har yanzu, mu ma muna nishi muna jiran fansar jikinmu, 2 Korintiyawa 4:16 kuma ta ce mutuminmu na waje yana ta lalacewa. Mun tsira ne ko ba mu tsira ba? A Helenanci kalmomin duka daga tushe ɗaya suke, fithora da danginta, amma Bitrus ya faɗi irin wadda yake nufi, wato wadda sha'awa take haifarwa, kuma nan da nan ya shiga lissafa nagarta da sani da kamunkai da jimiri. Maganarsa a kan hali take. Bulus kuwa yana maganar jikin da yake tsufa ya mutu, wanda 1 Korintiyawa 15:42 ta ce ana shuka shi da ruɓa, a tashe shi marar ruɓa. Mai bi yana iya kuɓuta daga mulkin sha'awa yau, alhali gwiwarsa tana ciwo, gashinsa yana furfura, yana jiran tashin matattu.

Wani abin lura shi ne, a cikin wa'azin nan da Bitrus ya musanta buguwa, a ciki ne ya warware wata aya mai wuya a kan ruɓa. Dawuda ya ce a Zabura 16:10 Allah ba zai bar Mai Tsarkinsa ya ga ruɓa ba, ga shi kuwa Dawuda ya mutu, an binne shi, kabarinsa ma yana nan a zamanin Bitrus. Bitrus bai ɓoye wannan ba, shi da kansa ya nuna kabarin, sannan ya ce Dawuda annabi ne, yana maganar tashin Almasihu. Bulus ya bi wannan hanyar a Antakiya ta Bisidiya, a Ayyukan Manzanni 13:35 zuwa 37. Manzannin sun fito da wuyar ayar fili, sannan suka tambayi wanda take nufi, kuma wannan ita ce hanyar da ya kamata mu koya daga gare su.

Ka san irin rubutun da kake karantawa

Doka daban, karin magana daban, waƙa daban. Mu da muka tashi da karin magana a baki mun san cewa mai cewa mai haƙuri yakan dafa dutse, shi ne kuma yake cewa da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, babu kuwa wanda ya taɓa cewa ya yi ƙarya a ɗayansu. Littafin Karin Magana ma haka yake, har ya jera biyu kusa da juna a 26:4 da 26:5, ɗaya ta ce kada ka amsa wa wawa bisa ga wautarsa, ɗaya ta ce ka amsa masa.

Da wannan a zuciya ka koma kan toshi. Karin Magana 17:8 da 21:14 suna faɗin yadda duniya take tafiya, cewa abin da aka miƙa a ɓoye yana buɗe ƙofa, yana kwantar da fushi. Wannan gaskiya ce da kowa ya gani da idonsa, faɗinta kuwa bai zama yarda da ita ba. Ka lura ma 17:8 ta ce a idon mai shi ne abin yake da daraja. Ka gangara ayoyi 15 kawai a babin, za ka tarar da hukuncin marubucin a 17:23, inda ya ce mugu ne yake karɓar rashawa daga ƙirjin riga domin ya karkatar da shari'a. Kalmar Ibrananci a ayoyin biyu ɗaya ce, shohad, ita ce kuma aka haramta a Fitowa 23:8 da Maimaitawar Shari'a 16:19. Karin Magana 18:16 kuwa, da ta ce kyautar mutum takan buɗe masa hanya zuwa gaban manya, wata kalma ce dabam aka yi amfani da ita, mattan, wadda take nufin kyauta gaba ɗaya.

Yanzu ka dubi dalilin da Doka ta bayar na haramta rashawa, domin shi ne zaren da ya ɗinke batutuwanmu biyu. Ta ce rashawa tana makantar da masu gani, tana karkatar da maganar masu gaskiya. Mu ma mun ce in baki ya ci, ido ya ji kunya. Sai ka buɗe Karin Magana 23:29 zuwa 35, ka ga siffar mashayi: idanu jajaye, raunuka ba dalili, idonsa yana ganin baƙin abubuwa, yana kwance kamar wanda yake kan jirgi a tsakiyar teku, an duke shi bai ji ba, da ya farka kuma abin da ya fara nema shi ne ƙari. Giya da rashawa aiki ɗaya suke yi wa ido. Shi ya sa Ishaya ya haɗa su a numfashi ɗaya a 5:22 da 23, ya yi kaito ga jarumawan shan ruwan inabi waɗanda suke wanke mai laifi saboda toshi, su hana marar laifi hakkinsa. Shi ya sa kuma mahaifiyar Sarki Lemuwel ta hana shi sha a Karin Magana 31:4 da 5, don kada ya manta da doka ya danne hakkin masu shan wahala. Ayoyi na 6 da 7, da suka ce a ba mai mutuwa abin sha ya manta da baƙin cikinsa, a ganina suna ƙara wa gargaɗin ƙarfi ne: mantuwa tana iya zama sauƙi ga wanda yake kan gargara, amma wanda shari'ar talakawa take hannunsa ba shi da izinin mantuwa. Ayoyi na 8 da 9 sun tabbatar da haka, domin umarni ne ga sarki ya buɗe baki saboda bebe, ya yi shari'ar gaskiya.

Ka bi ƙoƙon ka ga hannun da ya miƙo shi

A littattafan annabawa ne aka fi samun maganar buguwa ba da ruwan inabi ba, kuma duk wanda yake so ya yi amfani da ita a matsayin albarka ya kamata ya zauna a kan Ishaya 28 da 29 tukuna. A 28:7 da 8 firist da annabi suna tangaɗi da abin sha na gaske, suna kuskure a wahayi, suna tuntuɓe a shari'a, teburorinsu duk amai. A 29:9 da 10 sai abin ya wuce giya: suna tangaɗi ba tare da sun sha ba, domin Ubangiji ya zubo musu ruhun barci mai nauyi, ya rufe idanunsu, wato annabawa. Ishaya ya kawo hoton da ba ya fita a rai. Aka miƙa wa wanda ya iya karatu naɗaɗɗen littafi aka ce ya karanta, ya ce ba zai iya ba domin an hatimce shi. Aka miƙa wa wanda bai iya ba, ya ce shi bai san karatu ba. Littafin yana hannunsu su biyu, babu wanda ya amfana. Bulus ya ɗauko wannan ayar a Romawa 11:8 da ma'anar taurin zuciya.

A Irmiya 25:15 zuwa 17 an ba annabin ƙoƙon ruwan inabin fushi ya shayar da al'ummai. A 51:7 Babila ce ƙoƙon zinariya a hannun Ubangiji, wadda ta bugar da dukan duniya. A Wahayin Yahaya 17:4 kuma ƙoƙon zinariyar yana hannun matar da ake kira Babila, cike da abubuwan ƙyama, ita kanta ta bugu da jinin tsarkaka, 'yan kasuwar duniya sun yi arziki da almubazzarancinta, jerin hajarsu a 18:12 da 13 ya fara da zinariya ya ƙare da rayukan mutane. Mai karatu zai iya tambaya, ƙoƙon a hannun Allah yake ko a hannun Babila? Ka karanta Wahayin Yahaya 14:8 tare da 14:10, sannan 16:19 da 18:6. Abin da ta dama wa wasu shi ne aka ce a dama mata ninki biyu. Mutane suna zaɓar abin da zai rufe musu ido, hukuncin kuwa shi ne a bar su su shanye shi har ƙasan ƙoƙo.

Irmiya 23:9 ita ce ake yawan fizgewa daga mazauninta. Gaskiya ne annabin ya ce ya zama kamar wanda ruwan inabi ya rinjaya saboda Ubangiji da tsarkakan kalmominsa. Amma jimlar ta fara ne da cewa zuciyarsa ta karye, ƙasusuwansa duka suna rawa, kan maganar kuma annabawa ne. Aya ta 11 ta ce annabi da firist duka sun ƙazantu, har a Haikali an sami muguntarsu. Rawar jikin Irmiya ta firgita ce da baƙin ciki, domin shi ne idonsa yake buɗe a cikin masu barci, ya ga lalacewar da suka kasa gani. Ka kuma ja layi a ƙarƙashin kalmar kamar, domin kwatanci ne.

Kada ka tanƙwara ayar da ta ƙi tanƙwaruwa

Bayan duk wannan za a sami ragowar ayoyi da suke amfani da hoton buguwa a kan abu mai kyau, kuma rashin gaskiya ne a yi kamar babu su. Waƙar Waƙoƙi 5:1 ta yi amfani da ainihin kalmar Ibrananci ta buguwa, wadda aka faɗa a kan Nuhu a Farawa 9:21. Sai dai waƙar aure ce, abin shan kuma ƙauna ce tsakanin ango da amarya. A Zabura 23:5 Ibrananci ya ce ƙoƙona ya cika har yana zuba, amma tsohuwar fassarar Helenanci da aka fara a Iskandariya a ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu ta ce ƙoƙo mai bugarwa, fassarar Latin da ta bi ta ma haka ta ce. Daga irin wannan karatu ne malaman farko suka sami kalmar da suka riƙa maimaitawa, wato buguwa cikin natsuwa. Filo, Bayahuden Iskandariya, ya yi amfani da ita. Siril na Urushalima ya faɗe ta a kan manzanni a ranar Fentikos, Amburos, wanda ya zama bishop na Milan a shekarar 374, ya sa ta a waƙar safiya, Agustin ma ya ɗauka. Ina ganin suna da gaskiyarsu, domin akwai farin ciki a cikin Allah da yake sa mutum ya manta da tsoro da lissafin riba. Abin da za ka riƙe shi ne ba su taɓa sakin rabin kalmar ba, kullum natsuwa tana manne da ita.

Wannan yana da amfani a yau, domin tun daga tarurrukan da suka fara a wata majami'a kusa da filin jirgin saman Toronto a Kanada a watan Janairu na 1994, maganar buguwa cikin Ruhu ta bazu a ƙasashe da yawa, tare da dariya da faɗuwa ƙasa. Ba aikinka ba ne ka yanke hukunci a kan zuciyar wanda abin ya same shi, amma an ba ka ma'auni. Galatiyawa 5 ta sa buguwa a cikin ayyukan jiki a aya ta 21, ta sa kamunkai a cikin albarkar Ruhu a aya ta 23. 1 Korintiyawa 14:32 ta ce ruhohin annabawa suna ƙarƙashin ikon annabawa, aya ta 23 kuma ta nuna damuwar Bulus kada baƙo ya shigo ya ce jama'ar sun haukace. 1 Tasalonikawa 5:6 zuwa 8 da 1 Bitrus 5:8 suna kiran masu bi su natsu, su zauna a faɗake. Idan wani ya zo maka da labarin abin da ya ji a jikinsa, ka saurare shi da mutunci, sannan ku buɗe Afisawa 5:19 zuwa 21 tare, ku dubi ko abin ya bar shi da godiya da biyayya da ido mai ganin hakkin ɗan'uwa.

Domin ka gwada hannunka, ka ɗauki Habakuk 2:6 zuwa 17 ba tare da littafin sharhi ba. Za ka tarar da kaito a kan mai tara abin da ba nasa ba, da mai gina gidansa da ƙazamar riba, da mai kafa birni da jini, sannan a aya ta 15 da mai shayar da maƙwabcinsa har ya bugu domin ya ga tsiraicinsa. Ka cika layukanka huɗu a kan aya ta 15, sannan ka sake cika su a kan ta 16, ka lura da inda ƙoƙon ya sauya hannu da wanda aka ce yanzu shi zai sha. Idan ka gama, ka ajiye Ishaya 51:22 a gefen Matiyu 26:39, ka yi musu tambayoyin nan huɗu su ma.